Hayaƙin wani a huhun wani: inda dokar hana shan taba ta 2015 ta maƙale

Gidan kallon ƙwallo a daren da manyan ƙungiyoyi ke karawa ya isa misali. Rufin kwano, bangon langalanga, an toshe tagogi don kada na waje su yi kallon bati, fanka biyu na ta juya iska ɗaya a kan mutanen da suka cika benci. Uku ko huɗu ne kawai a cikinsu za su kunna sigari, amma kafin a tafi hutun rabin lokaci sai ka ga hayaƙin ya tsaya a hasken talabijin kamar hazon hunturu. Bayan awa biyu 'yan kallo za su watse. Yaron da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa yana nan har a tashi wasan ƙarshe, gobe ma yana nan, jibi ma haka. Saboda irinsa ake yin dokar hana shan taba a wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a: shi da yarinyar da ke kai abinci a otal, da yaron mota, da ƙaramin ma'aikacin da ya haɗa ofis da maigidansa mashayin taba, ba shi da bakin ce masa ya kashe.

Najeriya tana da irin wannan doka tun 2015, kuma a takarda hukuncinta ya fi na ƙasashe da dama tsanani. Duk da haka hayaƙin yana nan inda yake. An saba ɗora laifin a kan halinmu, a ce mu ba ma bin doka. Wannan bayani bai gamsar ba, domin ƙasashen da suka fi mu shan taba nesa ba kusa ba sun kori hayaƙi daga wuraren aikinsu cikin 'yan watanni. Abin da ke raba dokar da ta kama ƙasa da wadda ta tsaya a takarda yana cikin ɗinkinta ne: wane wuri ta rufe ruf, a wuyan wa ta rataya alhaki, wa zai zo ya duba, kuma wane irin hukunci jami'i zai iya zartarwa ba tare da ya ji ya yi zalunci ba. A kowace gaɓa daga cikin waɗannan, tamu tana da ɓaraka.

Karan sigari hayaƙi iri biyu yake fitarwa. Akwai wanda mashayi ya zuƙa ya fesar, akwai kuma wanda ke tashi daga bakin wutar tsakanin zuƙa da zuƙa, lokacin da karan ke maƙale a yatsu ko ajiye a gefen tebur. Na biyun ne mafi yawan abin da ke cika ɗaki. Bai bi ta audugar gindin sigari ba, kuma daga wuta marar ƙarfi yake tashi, don haka ƙonewar ba ta cika, gubar ta fi yawa, kamar dai yadda ɗanyen itace ya fi busasshe turnuƙe kicin. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Akwai kuma ɓurɓushin da masana ke kira PM2.5, wanda saboda ƙanƙantarsa gashin hanci da majina ba sa iya tare shi, sai ya zarce har ƙuryar huhu. Wannan ɓurɓushi yakan yi sa'o'i yana yawo a ɗaki bayan an kashe karan, lokacin da ido ya daina ganin komai.

A 1981 wani likita ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya fitar da sakamakon bibiyar matan aure sama da 91,000 da ba sa shan taba. Waɗanda mazajensu ke sha sun fi mutuwa da ciwon dajin huhu, kuma haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan karan da miji ke sha. Bincike ya yi ta taruwa bayan nan, har rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya yanke magana: wanda ba ya shan taba amma yana shaƙar hayaƙinta a gida ko a wurin aiki, haɗarin ciwon zuciyarsa yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, na dajin huhu da kashi 20 zuwa 30, kuma babu wani gwargwado na hayaƙin da za a ce ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin tabar da wasu suka sha.

Batun zuciya ne ya fi ba likitoci mamaki. Ciwon daji shekaru yake ɗauka kafin ya bayyana, jini kuwa nan take yake nunawa. Zaman rabin awa a ɗaki mai hayaƙi ya isa ya sa jijiyoyin jini su rage buɗewa, ƙwayoyin da ke daskarar da jini kuma su ƙara danƙo. Saurayi lafiyayye zai fita ya sha iska abin ya wuce. Dattijo mai hawan jini wanda jijiyoyin zuciyarsa suka riga suka tsuke, wannan na iya zama sanadinsa.

Ba a 2015 muka fara ba. A 1990, zamanin Janar Babangida, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, an kafa dokar soja mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a gidajen silima, asibitoci, makarantu, ofisoshi, motocin haya da lif, da tarar naira 200 zuwa 1,000. Gidajen abinci da mashaya ba sa cikin jerin. A 2005 Najeriya ta tabbatar da shigarta yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba, wadda sashenta na 8 ya wajabta kare jama'a daga hayaƙi. Abuja ta sanar da nata hanin a 2008, Legas ta yi dokarta a 2014 zamanin Fashola. Sai a watan Mayun 2015, kwanaki kaɗan kafin ya miƙa mulki, Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar ƙasa. A cikinta an cusa sharaɗin cewa ƙa'idojin aiwatarwa da ministan lafiya zai tsara sai Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun amince da su. Wannan sharaɗi shi kaɗai ya ci shekara huɗu, domin sai a 2019 ƙa'idojin suka samu wucewa.

Dokar ta haramta shan taba a motocin haya, A Daidaita Sahu, jiragen sama, na ƙasa da na ruwa, da lif. Ta haramta a wasu wuraren da ke fili, irin su tashoshin mota, wuraren wasan yara da filayen shaƙatawa. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara. Amma da ta zo kan cikin gini, inda nan ne cutar take, sai ta buɗe ƙofa: ta yarda mai wuri ya keɓe sashe na mashaya, muddin ya raba shi ya kuma sa na'urorin fitar da iska. A ganina wannan ne babban kuskurenta. A fili, da mutum ya matsa mita biyu ko uku daga mai sigari ɗaya, hayaƙin ya baje sosai. A cikin ɗaki babu inda za shi. Dokar ta tsananta inda haɗari ya fi sauƙi, ta sassauta inda ya fi muni.

Sashen mashaya ba ya aiki, kuma dalilan a bayyane suke ga duk wanda ya san gini. Iska ba ta san iyakar da aka shata da fenti ko labule ba. Ko ɗaki ne mai bango da ƙofa, duk buɗewa da rufewa ƙofar tana tunkuɗo iskar ciki waje kamar zugazugin maƙeri. Hayaƙi yana bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta saman silin, ta ramukan wayoyin lantarki. Irin na'urar sanyaya ɗakin da ta cika otal-otal ɗinmu, wadda ake mannawa a bango, ba ta shigo da sabuwar iska ko kaɗan. Iskar ɗakin take ja ta sanyaya ta mayar. Ragar da ke cikinta ƙura take tarewa, ba ta kama ɓurɓushin hayaƙi ba balle iskar guba. Kafin ɗakin mashaya ya riƙe hayaƙinsa sai an yi masa bututunsa daban da ke fita waje, da injin da ke zuƙe iskarsa ba tsayawa ta yadda kullum iska ke shiga ba ta fitowa. Wannan yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa. A inda ake canjawa zuwa janareta sau biyu ko uku a dare, kuma mai wuri yana lissafin man dizal, injin zuƙe hayaƙi ne zai fara kashewa.

Ko an yi duk wannan ma bai wadatar ba. A 2005 ƙungiyar injiniyoyin Amurka da ke tsara ma'aunin iskar cikin gine-gine, ASHRAE, ta bayyana matsayinta cewa hanya ɗaya tak da ke kawar da haɗarin ita ce hana shan taba a cikin ginin. Wani masanin kimiyya, James Repace, ya yi lissafin cewa kafin na'ura ta sauko da haɗarin zuwa inda za a lamunta, sai iskar da ke ratsa ɗakin ta zama kamar guguwa. Bayan haka kuma, wa zai shiga ɗakin mashayan ya kai lemo, ya kwashe toka, ya share? Ma'aikacin nan ne da aka yi dokar dominsa. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙasashen yarjejeniyar suka amince da su a Bangkok a 2007 suka ce a fili: hanin ya zama ɗari bisa ɗari, na'urar iska da sashen mashaya ba sa karewa. Takardun cikin gida na kamfanonin taba, waɗanda shari'o'in Amurka suka tilasta fitar da su, sun nuna cewa su suka daɗe suna tallata wannan dabara ta keɓe sashe ga masu otal da gidajen abinci, don a kauce wa cikakken hani.

Sifaniya ta gwada rabin doka ta ga sakamako. Dokarta da ta fara aiki a 2006 ta bar ƙananan mashaya da gidajen abinci, waɗanda faɗinsu bai kai murabba'in mita 100 ba, su zaɓa da kansu. Mafi yawansu suka zaɓi a ci gaba da sha, domin kowa na tsoron kada kwastomansa su koma wurin maƙwabci. Da aka auna yawun ma'aikatan da ba sa shan taba, ana neman kotinin, wato abin da nikotin ke komawa a jiki, an ga ya ragu da fiye da rabi ga masu aiki inda aka hana gaba ɗaya, amma ɗan kaɗan ya motsa ga masu aiki inda aka bar sha. A ranar 2 ga Janairun 2011 ƙasar ta koma cikakken hani. A nahiyarmu ma Yuganda a 2015 da Habasha a 2019 sun yi dokokin da ba su bar sashen mashaya a cikin gini ba, don haka ba za a ce abin na Turawa ne kawai ba.

Sai batun hukunci. Dokar 2015 ta ce wanda ya sha taba a wurin da aka hana zai biya tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko duka biyun. A shekarar da aka sa mata hannu mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, wato tarar ta kusa albashin wata uku. Wanda bai san aikin tabbatar da doka ba zai ɗauka wannan ƙarfi ne. Wanda ya sani zai gaya maka rauni ne. Hukunci irin wannan sai kotu, kuma kafin a kai kotu sai an kama mutum, an kai shi caji ofis, an rubuta takarda, an samo shaida. Babu ɗan sandan da zai bi wannan doguwar hanya saboda kara ɗaya, kuma jama'ar da ke wurin ba za su goyi bayan a ɗaure magidanci wata shida a kan sigari ba. Abin da ya rage shi ne ko dai a kau da kai, ko a sasanta a gefen titi. Duka biyun kashe doka suke yi.

Dubi yadda Ingila ta tsara nata a 2007. Mashayin da aka kama ana ba shi takardar tara nan take, fam 50, in ya biya cikin kwana 15 ta koma fam 30. Mai wurin da ya bari aka sha kuwa tararsa na iya kaiwa fam 2,500. Nauyin yana kan mai wuri, kuma da gangan aka yi haka. Mashaya miliyoyi ne, suna shiga suna fita, ba wanda zai iya binsu. Mai wuri yana da adireshi, yana da lasisi, yana da abin da yake tsoron rasawa, kuma shi ke da ikon ce wa kwastoma ya fita. Ƙa'idojin Bangkok na 2007 sun zayyana aikinsa dalla-dalla: ya kafa alamar hani a bakin ƙofa, ya kwashe duk farantin zuba toka, ya sa ido, in wani ya kunna ya roƙe shi ya kashe, in ya ƙi ya daina ba shi abin da ya zo saya, ya nemi ya fita, in ta ƙi ci ya kira hukuma. Dokarmu ma ta ɗora wa mai wuri tara, naira 100,000 ga mutum, 200,000 ga kamfani, amma tazarar da ke tsakaninta da ta mashayi ba ta kai ta sa babban otal ya damu ba, ga shi kuma faɗuwar darajar naira ta cinye yawancinta.

Ireland ce ƙasar farko da ta hana shan taba a dukkan wuraren aiki na cikin gini, har da mashaya, ranar 29 ga Maris 2004, lokacin da Micheál Martin ke ministan lafiya. Mutane da yawa sun yi hasashen ba za ta kai labari ba. Gwamnatin ta ba da sanarwa fiye da shekara guda kafin ranar, ta gabatar da dokar a matsayin haƙƙin ma'aikaci, har ƙungiyar ƙwadagon masu aiki a mashaya ta tsaya mata, ta buɗe layin waya na kai ƙara, ta ɗora aikin dubawa a kan jami'an duba-gari da suka riga suka saba shiga gidajen abinci, tara kuma har yuro 3,000. A shekarar farko kashi 94 cikin 100 na wuraren da aka duba suna bin doka. Awon da aka yi a mashayar Dublin ya nuna ɓurɓushin hayaƙi ya faɗi da kashi 83 cikin 100. Girka kuwa ta nuna ɗaya fuskar: ta yi doka a 2009, ta sake a 2010, ba wanda ya kula, sai a 2019 da gwamnati ta sa 'yan sanda cikin aikin dubawa, ta buɗe layin kai ƙara mai lamba 1142, aka fara cin tarar masu wurare da gaske, sannan abin ya sauya.

To a nan wa ke dubawa? Dokar ta kafa kwamitin ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya, ta kafa asusun yaƙi da taba. Kasafin 2023 ya ware wa asusun naira miliyan 4.7, na 2024 naira miliyan 10, ga ƙasa mai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Wannan kuɗi bai isa ko buga alamomin hani ba. Ba wai gwamnatin tarayya ba ta iya cizo ba ne: a watan Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin British American Tobacco. Amma wancan aikin ofis ne, na lauyoyi da takardu. Shiga gidan abinci a Gusau ko tashar mota a Potiskum aikin ƙafa ne, kuma tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, shaguna da gidajen sayar da abinci. Kotun Ƙoli kuma ta yanke a 2013 cewa ba otal-otal lasisi da sa musu ido hurumin jihohi ne. Ke nan masu riƙe da lasisin, masu ma'aikatan duba-gari, ba su suka yi dokar ba, kuma ba a ba su kuɗi ko umarnin aiwatar da ita ba.

Akwai kuma tambayar da dokokin Turai ba su sha wahalarta kamar mu ba: mene ne "cikin gini"? Mafi yawan mutanenmu ba a ofis suke aiki ba. Suna rumfar kasuwa, garejin kanikawa, shagon tela, teburin mai shayi da aka kewaye da buhu saboda sanyi. Ingila ta yi ma'auni mai sauƙi: in wuri yana da rufi, kuma abin da ke buɗe a gefunansa bai kai rabi ba, a rufe yake. Ƙa'idojin Bangkok na 2007 sun fi haka faɗi, sun haɗa duk wurin da ke da rufi ko bango ɗaya ko fiye, da kowane irin abu aka yi shi, na dindindin ne ko na wucin gadi. Wannan jimla ta ƙarshe tana da muhimmanci a gare mu, domin da tamfol, zana da langalanga ake kewaye wuraren da hayaƙi ya fi taruwa. Duk dokar jihar da ba ta fayyace wannan ba, mai wuri zai ce ai rumfa ce.

Shisha ta ƙara dagula lissafi. Matasa da yawa sun ɗauka ruwan tukunyar yana wanke hayaƙin. Sanyaya shi kawai yake yi, abin da ke sa a zuƙa da zurfi. Wata takardar gargaɗi ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005 ta ce zaman awa ɗaya na shisha na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da yawansa ya ninka na kara ɗaya sau 100 zuwa 200. Ga na gefe kuwa, babban haɗarin gawayin ne. Gawayin da ke ci a kan tukunya yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, irin wadda ke kashe iyalin da suka kwana da janareta a ɗaki. Tukunya goma a ɗaki mai na'urar sanyi da rufaffun tagogi, yaron da ke zagayawa yana canja gawayi tun magariba har tsakar dare zai tashi da ciwon kai da jiri, ya ɗauka gajiya ce. A 2018 ministan lafiya Isaac Adewole ya nemi a aiwatar da hani a kan shisha mai ƙamshi, a 2021 kuma hukumar yawon buɗe ido ta Kano ta sanar da hana ta a wuraren shaƙatawa. Abin lura a nan shi ne, in aka ɗauki lamarin a matsayin farautar masu sha kawai, sana'ar komawa take ɗakunan da ake kullewa ta ciki, inda iska ta fi ƙaranci. Ma'aunin nasara shi ne iskar da ma'aikacin ke shaƙa, ba yawan tukwanen da aka ƙwace ba.

Me ake samu in dokar ta kama? A Scotland, wadda ta fara hani ranar 26 ga Maris 2006, asibitoci tara sun kwantar da mutum 3,235 saboda bugun zuciya a wata goma kafin dokar, sai 2,684 a irin waɗannan watanni bayanta, raguwar kashi 17 cikin 100. Kashi biyu cikin uku na raguwar a cikin waɗanda ba sa shan taba ne. An yi fargabar mashaya za su koma sha a gida a gaban yara, sai awon kotinin a yawun 'yan firamare ya nuna raguwar kashi 39 cikin 100. Ya kamata dai a faɗi gaskiya duka: babban binciken da aka yi a Ingila ya samu raguwar kashi 2.4 cikin 100 ne kacal a masu bugun zuciya, kimanin mutum 1,200 a shekarar farko. Girman ribar ya danganta da yawan hayaƙin da ake shaƙa kafin dokar.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manyan Najeriya ne ke amfani da taba, maza kashi 10, mata kashi 1.1. Wannan kaɗan ne in aka kwatanta da Turai, don haka kada a yi wa kowa alkawarin asibitoci za su rage cika cikin shekara guda. Amma binciken ya kuma nuna mutum miliyan 2.7, kashi 17.3 na masu aiki a cikin gini, suna shaƙar hayaƙi a wurin aiki, kashi 29.3 na masu zuwa gidajen abinci sun gamu da shi a can, a mashaya da gidajen rawa kuwa sama da kashi 80. Cutar a tattare take a kan rukunin ma'aikata ƙalilan, mafi yawansu matasa marasa ƙungiya, marasa takardar ɗaukar aiki. Ƙarancin mashayan kuma shi ne damarmu: inda mutum fiye da tara cikin goma ba sa sha, mai wuri ba shi da kwastoman da zai rasa da yawa. Kukan cewa kasuwa za ta mutu an yi shi a kowace ƙasa. Wata bita da aka yi a 2003 a kan bincike 97 ta gano cewa babu ko ɗaya daga cikin waɗanda kamfanonin taba ba su ɗauki nauyinsu ba da ya samu koma-bayan ciniki.

Cikin gida wani babi ne daban. Mutum miliyan 5.2 suka ce suna shaƙar hayaƙi a gidajensu a binciken na 2012, ban da yara. Dokar ta taɓo wannan, amma jami'i ba zai shiga ɗakin mutum ba, bai ma kamata ba. Nan aikin ungozoma ne a ranar awon ciki, da malamin asibitin da aka kawo wa yaro mai asma ko ciwon kunne, da limamin da zai tuna wa magidanta ƙa'idar da kowa ya sani ta babu cuta babu cutarwa.

Gyaran da ke wuyan Majalisar Tarayya gajere ne: a goge sashen mashaya a cikin gini, a mayar da hukuncin mashayi ƙaramar tara mai rasit, a ɗaga na mai wuri a ɗaure shi da lasisi. Jiha ba sai ta jira wannan ba. Za ta iya sa sharaɗin hana shan taba a cikin takardar sabunta lasisin otal, gidan abinci da gidan kallo. A tasha, shugabannin ƙungiyar direbobi suna da makamin da ya fi kotu kaifi, wato hana direba lodi na yini guda. Wata uku na farko gargaɗi ne a rubuce, bayan nan tara a kotun tafi-da-gidanka, karo na uku a rufe wurin na wasu kwanaki, kuma a fara da manyan wuraren da kowa ya sani don kada a ce talaka aka raina.

Shi kansa dubawar ba ya buƙatar a kama mutum da kara a hannu. Jami'i ya shigo ba sanarwa, ya duba ko akwai alama a ƙofa, ko akwai farantin toka a tebur, guntayen sigari a ƙasa ko a cikin kwalaben lemo, tabon ƙuna a benci. Waɗannan sun isa shaida a kan mai wuri. Ƙaramar na'urar awon PM2.5 ta hannu tana taimakawa, sai dai ba ta bambance hayaƙin taba da na janareta ko na mai tsire da ke bakin ƙofa, don haka a auna waje tukuna, sannan a auna ciki, a kwatanta. In ana son shaidar da ba ta da ja, akwai ɗan faifan da ake ratayewa a bango na mako guda ya tsotsi nikotin daga iska, a kai ɗakin gwaji, domin nikotin ba ya fitowa daga itace ko dizal. Sannan lokaci: hayaƙin gidan kallo, otal da wurin shisha yana taruwa ne bayan isha'i, musamman Asabar da Lahadi, ma'aikacin duba-gari kuwa ƙarfe huɗu na yamma yake tashi daga aiki. Duk ƙaramar hukumar da za ta ɗauki wannan aiki sai ta sa alawus na fitar dare, man babur da littafin rasit mai lamba a cikin kasafinta, ta kuma riƙa tura jami'ai biyu tare, ana sauya musu unguwa duk wata.